Bindigar da Na Ƙi Kankarewa

A ƙasan akwatina, cikin wata tsohuwar leda, akwai busasshiyar fata baƙa mai tsawon taƙi guda, an tsaga ta da wuƙa daga sama har ƙasa. Ranar da za ku buɗe akwatin nan ba na kusa, kada wani ya ce laya ce, kada kuma wani ya ce shara ce ya jefar. Saboda ita na bar aikin inuwa na koma ɗaukar kwandunan tumatir a kasuwar Utaiƙa ta Riyad, kuma saboda ita yayanku ya bar makaranta a Maraɗi saura masa shekara biyu ya gama. Na san abin da kawunku Idi yake faɗa a zaure, cewa ubanku ya samu wuri mai sanyi a Riyad ya sa ƙafa ya shure don taurin kai. Rabin maganarsa gaskiya ne. Ɗaya rabin nake so in rubuta muku da hannuna, tun da Allah ya sa na koyi riƙon alƙalami bayan furfura ta fito mini. Za ku ga ina tafiya a hankali. Haka nake yin komai.

Kun san kakanku maƙeri ne, amma ba ku riske shi ba. A ƙauyenmu, yamma da Tasawa, garma da lauje da gatari su ne abincinmu na kullum, sai dai abin da ya kai sunansa nesa shi ne gyaran bindigogin maharba. A gindin zugazuginsa na girma. Bai taɓa zaunar da ni ya ce ga darasi ba. In an kawo bindiga sai ya miƙo mini, ya ci gaba da aikinsa, ya ce:

"Kafin ka kalli kyanta, tambaye ta ko ta ci abinci."

Wato in zura sanda cikin bututun har ta tsaya, in danne da babban yatsa daidai baki, in zaro in gwada ta waje. In sandar ba ta kai gindi ba, to akwai albarushi da dalma kwance a ciki, ko da mai ita ya rantse babu. A wurinsa na koyi rataye bututu da zare in ƙwanƙwasa in saurari amonsa, don mai ɓoyayyiyar tsaga muryarsa a dushe take. Na koyi goga ƙota da tafin hannu har ta yi ɗumi in shinshina, don aduwa da maɗaci da ƙirya kowanne da warinsa. Na kuma ga yadda yake ɗaure ƙotar da ta tsage. Ranar yanka zai samo wutsiyar sa ɗanya, ya zare fatar ɗungurungum ba tare da ya tsaga ta ba, kamar mai cire safa, ya zura ta a wuyan ƙotar tana jiƙe, ya ajiye a inuwa. In ta bushe sai ta matse itacen ta fi ƙarfe riƙo, ba ɗinki ba ƙusa. In ya gama aiki sai ya ɗauki magagari ya yi 'yan tsage a ƙarƙashin ƙarfen da ke kare kunamar bindigar. Kowane gidan maƙera da irin nasa. Namu uku ne a jere. Shi ne sa hannun wanda bai iya rubutu ba.

Da noma ya ƙi, ƙira ma ta ja baya, na zo Riyad da takardar mai shara. Kafilina, wato mutumin da iƙamata, takardar izinin zamana, ke hannunsa, ana kiransa Abu Nasir. Yana da shagon tsofaffin kaya a tsohuwar kasuwa: takubba, butocin gahawa, dardumai, da bindigogin farauta na da, kowace da takardarta ta izini. Wasu yakan saya, wasu kuma masu su ke kawowa jingina in sun shiga matsi, su karɓi abin da za su karɓa, in wa'adi ya cika ba su fansa ba kayan ya zama na shago. Ni baƙo ne, ba ni da ikon mallakar ko harsashi ɗaya. Aikina shara da goge ƙura da zuba wa baƙi abin sha. Sunana Ma'azu, haka yake a iƙamata, amma Abu Nasir Muhammad yake kirana, kamar yadda yake kiran ɗan Bangaladash mai wanke masa mota. Ban damu ba. Suna ne mai albarka, kuma ba suna na zo nema ba.

Wata takwas ina shara babu wanda ya san na taɓa ganin maƙera. Sai wata rana wani mutum ya kawo doguwar bindiga irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ya ce shekara arba'in tana rataye a majalisar ubansa, wato ɗakin karɓar baƙi. Abu Nasir ya karɓa yana juya ta, bakinta na duban cikin mai ita, yatsansa na wasa da kunama. Ban san lokacin da na ajiye tsintsiya na ɗaga bakin bindigar sama ba. Na zare sandarta na gwada a gabansu, ta gaza da yatsu huɗu. Da aka kai ta wurin masu izinin kwancewa, sai ga albarushi busasshe da dalma biyu. Da baƙon ya tafi, Abu Nasir ya ɗauko bindigogi biyar ya jera a kan darduma.

"Wacce ce ta gaske a nan, ya Muhammad?"

Na goga, na shinshina, na ƙwanƙwasa. Na ce masa biyu lafiyayyu ne, ɗaya an haɗa bututun wata da ƙotar wata, ɗaya tsatsarta ta jiya ce an yi ta da gishiri, ta biyar kuwa in aka harba ta mai harbin ne zai fara faɗuwa. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya daina dariyar, don ta gishirin nan ya saye ta da tsada.

Daga ranar aka ƙara mini albashi, aka kuma ƙulla abin da muka yi shekara tara muna yi. Ba zai yiwu a ga Balarabe mai shago yana tambayar baƙin mai shara darajar bindiga ba. Saboda haka in an kawo bindiga sai ya miƙo mini ya ce in goge mata ƙura. In kai ta gefe in goge, hannuna da hancina su yi aikinsu, in dawo da ita ban ce uffan ba. Sai ya ce in kawo wa baƙo abin sha. In na kawo gahawa, bindigar ta gaske ce, ya riƙe ta. In na kawo shayi, akwai haɗi ko ƙarya a jikinta. In na kawo ruwa kaɗai, ya sallami mai ita da fatan alheri. In kuwa na haɗa gahawa da dabino, to abin da ke hannunsa irin wanda ba a cika gani ba ne, kada ya bari ya fita ƙofa. A hankali na san tambarin da Turawa ke bugawa a gindin bututu. Ban iya karanta su ba, amma yatsana ya haddace su kamar fuskokin mutane: ga mai kama da ƙwai, ga mai kambi da sanduna biyu a gicciye. Abu Nasir ya san ƙasashensu a littafi, ni na san wanda aka buga tun asali da wanda aka buga shekaranjiya. Sunansa ya tashi a kasuwa. Mutane suna zuwa daga Ƙasim da Ha'il don a ce Abu Nasir ya duba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ni na dafa, wani ke sha, ana ɗan sam mini a murfi.

Ba zan yi muku ƙaryar cewa ni waliyyi ne ba. Sau da yawa na kawo gahawa da dabino, ina tsaye da buta, na ji Abu Nasir yana gaya wa mai kaya cewa irinta sun cika kasuwa. Na yi shiru. Na ce wa raina ciniki ne, kowa da idonsa, ni nawa zuba gahawa. Da kuɗin shirun nan aka yi rufin kwanon ɗakin innarku. Na faɗa ne don kada ku ɗauka abin da ya biyo baya tsoron Allah ne zalla. Da shi ne, da tuni ya motsa.

A shekara ta tara, bayan ƙaramar salla, wani tsoho ya shigo da abu naɗe cikin bargo. Baƙi ne kamata, amma tufafinsa da harshensa na 'yan ƙasa ne. Ya ce sunansa Yusuf, matarsa ba lafiya, yana so ya ba da jingina na wata shida. Abu Nasir ya kwance bargon ya miƙo mini kamar kullum. Irin bindigar nan ce mai cin harsashi ɗaya, wadda ake buɗewa ta ƙasa da mariƙi, Larabawa na ce mata sam'a don ba ta da kunne a waje. Na ga irinta da yawa. Amma wannan ƙarama ce, mara nauyi, an yi ta don farauta ba don yaƙi ba, tambarin ƙwai na gaske a gindinta, murɗen cikin bututun bai cinye ba. Wannan kaɗai ya isa gahawa da dabino. Sai hannuna ya sauka wuyan ƙotar, na ji fata. Na juya ta ina neman ɗinki, babu. Na goga itacen har ya yi ɗumi na kai hanci. Aduwa ce. Na leƙa ƙarƙashin ƙarfen kunama, sai ga tsage biyu a jere da ɗaya a gicciye. Ba na gidanmu ba ne, amma na san yaren.

Da na kawo gahawar, na kasa riƙe bakina. Na sunkuya na ce masa da Hausa a hankali:

"Baba, sannu da zuwa."

Ya ɗago da sauri ya dube ni. Bakinsa ya yi ta motsi kamar mai laluben abu a ɗaki mai duhu.

"Yawwa," ya ce. "Yawwa, sannu kadai. Mutanen gida lafiya?"

Iyakar Hausarsa ke nan, da wasu 'yan kalmomi na abinci. Sauran da Larabci ya gaya mini a bakin ƙofa, lokacin da nake raka shi. A Makka aka haife shi, haka ubansa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Damagaram da ƙafa, shekara bakwai a hanya, yana harbin barewa da zabi yana ciyar da ayarin. A wani gari da bai san sunansa ba raƙumi ya taka ƙotar ta karye, wani maƙeri cikin ayarin ya sassaƙa mata sabuwa, ita ma da ta tsage ya ɗaure ta da fata.

"'Ya'yana ba su damu da ita ba," ya ce. "Sun ce tsohon ƙarfe ne. Kai ka kula mini da ita, ya ɗan'uwa. Zan dawo."

Bai dawo ba. Wa'adi ya cika, Abu Nasir ya ƙara masa wata biyu, don mutum ne mai kunya ta wannan fuska. Da aka buga waya, ɗansa ya ɗauka ya ce tsohon ya rasu, su kuma ba su da bukata, a sayar. Aka yi takardu, bindiga ta zama ta shago ta hanyar halal. Ku riƙe wannan da kyau, babu wanda aka yi wa sata.

A lokacin Nasir, babban ɗan mai shagon, ya gama jami'a ya shigo harkar. Shi ba ya jiran mai saye ya zo, hoto yake ɗauka ya sa a waya. Ya san sirrin gahawa da shayi, kuma abin yana ci masa rai. Wata safiya ya ɗora bindigar a tebur ya kira ni.

"Baba ya ce kai maƙeri ne. Yanke wannan ƙazamar fatar. Ka goge waɗannan tsagen da magagari. Ga zoben azurfa uku, ka sa mata, ka shafa wa itacen mai ya yi duhu."

"Don me, ya Nasir?"

"Don mai sayen da nake da shi kayan kakanninsa yake nema, na nan ƙasar Najadu. Ba wanda zai rataye bindigar takari a majalisarsa."

Takari, haka suke kiran mutanenmu da suka zo tun da. Na ce masa ƙarfen na Bature ne, ba na Najadu ba, ba na Damagaram ba. Abin da ya sa babu irinta a kasuwar nan kaf shi ne wannan itace da wannan fata. In aka cire su ta zama ɗaya cikin ɗari.

"Ɗaya cikin ɗari mai azurfa ta fi ɗaya tilo mai warin saniya," ya ce. "Yalla, kafin Alhamis."

Na dubi Abu Nasir. Yana can yana jan carbi, idonsa a kan titi.

A unguwar Ulaisha muke kwana, mu shida a ɗaki ɗaya. Cikinmu akwai Sabi'u, direba ne mutumin Gusau, ya yi boko, bakinsa ba ya hutawa. Ranar bayan la'asar na ba shi labari muna cin shinkafar kabsa a faranti ɗaya.

"Kai dai ɗan Nijar ba ka da dama," ya ce. "Mutane na zuwa Saudiyya neman riyal, kai ka zo neman wutsiyar sa. In ita kake so, gobe in kai ka mayanka in cika maka buhu."

"Ba za ka gane ba, ɗan boko. Ku a Najeriya in abu ya tsufa fenti kuke shafa masa."

"Mu dai ba mu yin faɗa da mai riƙe da iƙamarmu. Maƙerin nan ya mutu, Ma'azu. Maharbin ya mutu, jikansa ya mutu, tattaɓa-kunnensa ya ce a sayar. Kai wane ne a ciki? Limaminsu?"

Na kira innarku, ina tsammanin ko ita za ta ba ni amsa. Ta saurara har na gama, sannan ta ce:

"Malam, fatar nan za ta biya wa yaron nan makaranta? In ka yanke ta wani zai mutu?"

"Babu mai mutuwa."

"To in ba ka yanke ba akwai masu jin yunwa, kuma ka san sunayensu, kai ka raɗa musu."

Gaskiya ta faɗa, har gobe ban ce ta yi kuskure ba. Ranar Laraba na ɗauki wuƙa da magagari na shiga bayan shago da niyyar in yi aikin in huta. Na ɗora bakin wuƙar a kan fatar. Sai na ga inda maƙerin ya bar gashin wutsiyar kaɗan ta ƙasa, daidai inda yatsu uku ke kamawa, don kada hannu ya zame in an yi gumi. Kakanku ma haka yake yi. Wani mutum ya zauna a ƙasar da ba tasa ba, ba maƙera, ba inuwar kirki, ya yi aikin nan tsakani da Allah, har ya tuna da gumin hannun wani. Bai bar suna ba sai tsage uku. Ni kuma da na yi shekara tara ana kirana da sunan da ba nawa ba, ina magana da finjali kamar bebe, ni aka zaɓa in shafe shi. Na mayar da wuƙar kube. Na goge bindigar da mai, na naɗe ta a bargonta.

Ranar Alhamis da hantsi mai sayen ya zo, dattijo mai farin gemu da 'yan rakiya biyu. Nasir ya kwance bargon ya ga fata na nan. Fuskarsa ta canza, amma yaro ne mai wayo, nan take ya juya zancen. Ya ce wa dattijon sun bar ta yadda ta fito ne don ya gani da idonsa, wannan fatar raƙumi ce irin ɗaurin Badawiyya, makiyayan Najadu, in yana so za a cire a sa azurfa. Dattijon ya juya ta, ya dubi Abu Nasir.

"Kai aka ce mini in tambaya. Ta Najadu ce?"

Abu Nasir ya juyo wurina ya ce:

"Ya Muhammad, kawo wa baƙi gahawa."

Bai taɓa faɗin abin da zan kawo ba sai ranar. Na shiga ciki. Butar gahawa na kan wuta, ta shayi na gefenta. Na san in na kawo shayi, shi da ɗansa kaɗai za su gane, su ji haushi, a yi mini faɗa, gobe a manta, ni kuma in ce wa raina na yi jarumta. Na tsaya har gahawar ta tafaso ta zube. Sai na fito hannu wofi.

"Allah ya ja kwananka," na ce wa dattijon da Larabcina na kasuwa. "Bindigar ta gaske ce, ba ka taɓa riƙe irinta ba. Amma ba ta Najadu ba ce. Wannan ba fatar raƙumi ba ce, wutsiyar sa ce. Nemi ɗinki, ba za ka samu ba. Itacen aduwa ne na ƙasarmu. Waɗannan tsagen sa hannun maƙerin ne. Bahaushe ne ya zo da ita aikin hajji da ƙafa."

Ɗaya daga cikin 'yan rakiyar ya yi dariya ya ce tun yaushe masu shara suka fara fatawa. Dattijon bai yi dariya ba. Ya juya ƙotar yana neman ɗinkin, ya zagaya sau biyu.

"Kai wa ya koya maka?"

"Ubana. Maƙeri ne, ɗan maƙeri."

Ya ajiye bindigar a hankali, ya ce aiki ne mai kyau, amma ba ita ya zo nema ba. Ya yi sallama ya fita. Kada ku zaci ya rungume ni ko ya ba ni kyauta. Ko waiwayowa bai yi ba.

Nasir ya yi ta ihu, ya ce zai sa a yi mini fita ba dawowa a mayar da ni inda na fito. Uban ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Sannan ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, sai gajiya.

"Shekara tara kana magana da finjali," ya ce. "Yau ka samu baki. Kasuwa za ta ji kafin azahar, za a ce Abu Nasir mai shararsa ke duba masa kaya. Ba zan kore ka ƙasar ba, mun ci gishiri tare. Amma nemi wanda zai karɓi kafalarka. Wata ɗaya."

Sabi'un nan mai yi mini dariya shi ya yi ta yawo da ni a motar maigidansa har aka samu wani mai rumfar kayan miya a Utaiƙa ya karɓe ni. Albashin bai kai rabin na da ba. Ina da shekara arba'in da shida na fara ɗaukar kaya a kafaɗa, bayana bai yafe mini ba har yau. Shekara uku ban zo gida ba. Yayanku ya ajiye littafi ya shiga gyaran babur. Innarku ta yi wata huɗu in na kira sai ta miƙa wa ɗayanku wayar. Kai babban, na san abin da na ɗauke maka. Ban tambaye ka ba kafin in kashe abin da yake naka ne, kuma wannan shi kaɗai ne abin da nake neman gafararsa a cikin labarin nan. Sauran ban nema ba, ba kuma zan nema ba.

A shekarun nan ne na ce wa Sabi'u ya koya mini boko. Na ga cewa wanda bai iya rubutu ba tsage uku kawai yake bari, kowane yaro mai magagari yana iya shafe su. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci muke zama da littafin 'yan aji ɗaya, yana tsokanata wai hannun da ya saba da masaba zai karya masa biro. Na karya guda huɗu. Ranar da na fara haɗa haruffa na gane cewa ƙwan nan da yatsana ya sani shekara tara, haruffa uku ne a cikinsa, na yi dariya har Sabi'u ya ce ko in sha ruwa.

Bayan kamar shekara ɗaya da rabi da barina shagon, ina sauke kwandon albasa da safe, na ji an ce:

"Ya Muhammad."

Ban juya ba. A Utaiƙa Muhammad sun fi ɗari. Sai aka sake cewa, a hankali, kamar mai taka ƙasar da bai sani ba:

"Ya Mu'az."

Sunana ke nan a bakin Larabawa. Abu Nasir ne, ya rame, yana dogara sanda. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa. Ya miƙo mini leda. Na buɗe na ga fatar, an tsaga ta. Ya ce Nasir ya ba wani Ba'indiye aikin, an sa azurfar, an sayar. Ya tsinci wannan a kwandon shara, ya kasa bari a kwashe. Sannan ya ciro waya ya nuna mini hoton wata bindiga mai baki biyu. Ya ce tun tafiyata sau uku ana sayar masa da tsatsar gishiri. Ya yi ɗan murmushi.

"Gahawa ko shayi?"

"Na daina zuba wa mutane abin sha, ya ammi," na ce, wato ya baffa. "In kana son bakina, ga sharaɗi. A ajiye bindiga a tebur, mai ita na zaune, ka kira ni da sunan da ka kira ni yanzu, ka tambaye ni a gabansa. Abin da na gani shi zan faɗa, ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba."

Ya dubi albasar da ke ƙasa ya ce:

"Kasuwa ba za ta ɗauki wannan ba."

"To ni ma bayana ya saba da kwando."

Ya sayi tumatir kilo biyu da ba ya bukata, ya tafi. Ban sake ganinsa ba.

Bindigar tana can a majalisar wani, da azurfarta, ana nuna wa baƙi ana cewa ta kakan wane ce. Ban hana komai ba, in ji kawunku Idi, kuma haka ne. Amma ba hannuna ya yanke ba. Ga shi kuma na rubuta: ƙarama ce mai cin harsashi ɗaya, ƙotar aduwa, ɗaurin wutsiyar sa da ɗan gashi ta ƙasa, tsage biyu a jere da ɗaya a gicciye, aikin wani maƙeri na ayarin Damagaram wanda Allah ya san sunansa. In kun ɗauko fatar, ku sa yatsu uku a inda gashin yake, za ku ji yadda ya auna hannun mutum. In Idi ya tambaya me ubanku ya kawo daga Riyad bayan shekarun nan duka, ku miƙa masa ita, ku ce ya nemi ɗinkin.